Harhaɗa Samfurin Helikwaftan Soja Mai Fitilu

Harhaɗa samfurin helikwaftan soja aikin hannu ne da ake yi don sha'awa. Mutum yana haɗa ƙaramin jirgi mai saukar ungulu daga sassan roba, ya yi masa fenti da tambarin rundunar da ke amfani da shi, har ya fito tamkar na gaske ne aka ƙanƙance bisa ƙayyadadden ma'auni. Irin wannan samfuri ba ya tashi, na ajiya ne da kallo, don haka daban yake da jiragen wasa da ake tuƙawa da rimot. Wasu masu harhaɗawa kan ƙara masa fitilun lantarki a jela da gefuna da ɗakin matuƙi. Yawancin kwalayen da ake saya ba sa zuwa da fitilu, mai aikin ne yake tsara su da kansa, kuma sanya su yakan sauya tsarin aikin tun daga farko.

Asali

A Ingila aka fara sayar da samfuran jiragen sama na roba da mutum zai haɗa da kansa, lokacin da kamfanin FROG ya fitar da jerin Penguin a shekarar 1936 bisa ma'aunin 1:72. Bayan yaƙin duniya na biyu, zubin robar folistirin ya yi araha, sai kamfanoni irin su Airfix na Ingila da Revell da Monogram na Amurka suka cika kasuwa. Daga baya Tamiya da Hasegawa na Japan, da Italeri na Italiya, da Academy na Koriya ta Kudu, da Zvezda na Rasha, da Trumpeter na Sin suka shigo.

Helikwafta ya samu gurbinsa a wannan fage ne bayan da ya yi suna a fagen daga. Bell UH-1, wanda sojojin Amurka suka yi wa laƙabi da Huey, ya fara tashi a 1956, an ƙera fiye da 16,000, kuma yaƙin Biyetnam ya sa duniya ta san kamanninsa. Bayansa akwai Chinook mai manyan farfeloli biyu da ya fara tashi a 1961, da Mi-24 na Tarayyar Sobiyet a 1969, da Black Hawk a 1974, da Apache a 1975. Mi-35M, wanda jikan Mi-24 ne, yana cikin jiragen da Rundunar Sojin Saman Najeriya ke aiki da su, kuma Zvezda na sayar da samfurinsa.

Fitilu kuwa sun daɗe suna ba masu wannan aiki wahala. Ƙananan ƙwayaye masu zare da ake da su a da suna zafi, robar folistirin kuma tana fara laushi a kusan digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, ga shi idan ƙwai ya mutu a cikin jirgin da aka riga aka manne babu hanyar sauya shi. Ƙwan LED ne ya kawo sauƙi. Nick Holonyak ya ƙera mai jan haske a 1962, amma sai da Shuji Nakamura ya samar da shuɗi mai ƙarfi a kamfanin Nichia na Japan a 1993 sannan farin LED ya yiwu. Wannan aiki ne ya sa shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano suka samu kyautar Nobel a 2014.

Ma'auni

Ma'aunin 1:72 na nufin santimita ɗaya a jikin samfuri tana madadin santimita 72 a jirgin gaske. Faɗin da babbar farfelar UH-1H, wani nau'in Huey, ke sharewa mita 14.63 ne. A 1:72 zai koma kimanin santimita 20, a 1:48 santimita 30 da rabi, a 1:35 kusan santimita 42. Ma'aunin 1:35 na tankokin yaƙi ne tun asali, shi ya sa masu son ajiye helikwafta tare da motoci da sojojin ƙasa a fili ɗaya suke zaɓensa, ko da yake yana cin wuri: Chinook, wanda tsawonsa da farfeloli ya kai mita 30, yakan kai santimita 86. Ga mai niyyar sa fitilu, 1:48 ne ya fi dacewa a fara da shi, domin akwai sararin bin da waya, kuma jirgin bai fi ƙarfin kantar ajiya ba.

Fitilun jirgin gaske

Kafin a huda ko'ina, sai an san abin da ake kwaikwayo. Dokar zirga-zirgar sama ta tanadi jar fitila a hagu, koriya a dama, fara a jela. Ja da koriya kowacce tana haska digiri 110 daga gaba zuwa gefenta, farar kuma digiri 140 ta baya, ta yadda wanda ya hango jirgi da dare zai gane inda ya dosa. Akwai fitilar kauce wa karo, ja ko fara, wadda a ƙa'idar Amurka take walƙiya sau 40 zuwa 100 a minti ɗaya. Akwai fitilar sauka da ta bincike a ƙarƙashin hanci ko ciki. Jiragen soja da yawa suna da wasu siraran fitilu masu dusasshen koren haske a jikinsu, waɗanda ke taimaka wa matuƙa tafiya a jere da dare, helikwaftocin kamfanin Mil na Rasha, irin su Mi-24, kuma suna da ƙananan fitilu a bakin fuka-fukan farfela.

Launin hasken cikin ɗakin matuƙi yana bin zamani. Tsofaffin jirage, irin su Huey na zamanin Biyetnam, suna haska agogunansu da ja don kada idon matuƙi ya rasa sabonsa da duhu. Da tabaran gani da dare ya shigo, sai aka koma kore mai ratsin shuɗi, saboda jan haske yana dallare wannan tabarau. Wanda ya sa koren haske a Huey na 1968 ya haɗa zamani biyu a jirgi ɗaya, kuma masanan fagen suna ganewa da kallo ɗaya. Haka ma farin haske iri biyu ne: mai ɗan rawaya na tsofaffin ƙwayaye, da fari fat na fitilun walƙiya da na jiragen yanzu.

Kayan haske

Ƙwayayen da aka fi amfani da su su ne irin waɗanda ake liƙawa a allon na'ura, waɗanda masu gyaran wayar hannu suka saba da su. Ana kiransu da lambar girmansu. Mai lamba 0603 tsawonsa milimita 1.6 ne, faɗinsa 0.8. Mai lamba 0402 tsawonsa milimita ɗaya ne, faɗinsa rabin milimita, bai kai ƙwayar gero ba, kuma idan ya suɓuce daga matsefata da wuya a sake ganinsa. Ana sayar da su da siririyar wayar jan ƙarfe a liƙe, abin da ya rage wa mutane wahalar liƙa dalma a kan abu ƙanƙane haka.

Kowane ƙwai yana buƙatar resista da za ta taƙaita wutar da ke ratsa shi. Jan LED yana cin kimanin bolt 2, fari da shuɗi kimanin bolt 3. Ana cire wannan daga ƙarfin wutar da ake bayarwa, a raba abin da ya rage da yawan wutar da ake so ta wuce, abin da ya fito shi ne girman resistar. Idan cajar USB ce mai bolt 5, aka sa wa jan ƙwai resista mai om 1,000, wutar da za ta ratsa shi miliamfiya 3 ce. Yawancin irin waɗannan ƙwayaye suna iya ɗaukar miliamfiya 20, kuma a nan ne sababbin shiga suke kuskure, suna ba su cikakkiyar wuta. Fitilar da a jirgin gaske faɗinta santimita 7 ne, a 1:72 milimita ɗaya take komawa. Idan aka bar wannan ɗigo yana haska rabin ɗaki, ido ba zai ƙara ganin jirgi ba, abin wasan yara zai gani. Haske ma sai an ƙanƙance shi kamar yadda aka ƙanƙance ƙofa da taya, kuma a wajen gwanaye rage shi ya fi kunna shi muhimmanci. Ya kyautu kowane ƙwai ya samu tasa resistar, domin idan ja da fari suka yi tarayya a guda ɗaya, jan ne zai janye wutar ya bar farin a dushe.

Inda ƙwai ba zai shiga ba, ana amfani da zaren haske, wato siririn zaren roba garai-garai mai kaurin milimita 0.25 zuwa 1, wanda ke ɗauko haske daga ƙwai ɗaya a tsakiyar jirgi ya kai shi wurare da dama. Idan aka kusanto da bakinsa ga zafi ba tare da ya taɓa ba, yakan dunƙule ya yi ɗan kai mai kama da gilashin fitila, sai a ɗiga masa fenti ja ko kore mai barin haske ya wuce. Sufa gulu ba ya shiri da wannan zare, yana sa shi ya yi gautsi ya karye, tururinsa kuma yana bar wa gilashi farin hazo. Farin gam na kafintoci ko gam mai haɗi biyu ake sa masa.

Tsarin aiki

Helikwafta ya fi jirgi mai fiffike wuyar sa wa fitilu. Gabansa kusan duk gilashi ne, ƙofofinsa sau da yawa a buɗe ake barinsu, don haka ba a samun wurin ɓoye waya sai ƙarƙashin daɓen ciki, ko saman rufi wajen inji, ko bayan bangon da ya raba ɗakin fasinja da jela. Jelar kuma siririya ce, ga fitila a can ƙarshenta. Gangar jikin tana zuwa ne ɓari biyu, hagu da dama, kuma daga ranar da aka manne su an rufe ƙofar gyara. Saboda haka ake zana hanyar kowace waya a takarda tun kafin a yanko sashe na farko, a kankare ramin da za ta bi a cikin jela, a gwada wuta bayan kowane mataki, a sake gwadawa ana dab da mannewa.

Robar samfuri ba ta da kauri, haske yana ratsa ta. Idan ba a tare shi ba, jirgin gaba ɗaya zai riƙa ƙyalli daga ciki, haske ya riƙa tsiyaya ta layin manni. Maganinsa shi ne a shafe cikin gangar da baƙin fenti shafi biyu ko uku, a bi da fari ko ruwan azurfa a inda ake son haske ya bazu, wasu kuma su liƙa takardar alminiyam. Ana kai ɓarin cikin duhu, a haska tocila ta bayansa, duk inda ya nuna a ƙara fenti. Allon agoguna kuwa akan huda kowane agogo, a sa siririn fim mai zanen lambobi a baya, a bi da farar roba mai laushin haske don kada wuri ɗaya ya fi sauran ƙuna. Aiki ne na haƙuri, amma idan ya yi kyau shi ne abin da mai kallo yake fara leƙawa ta gilashi.

Batir ba ya zama a cikin jirgi sai in babu makawa. Ana ajiye shi a cikin katakon da jirgin yake tsaye a kai, tare da makunni, domin a iya sauya shi, kuma idan ya zubar da ruwa kada ya ɓata aikin watanni. A jirage masu sandunan sauka irin na Huey, wasu kan maye gurbin ƙafafun roba da bututun tagulla, su bi da waya ta ciki, ko su mai da ƙafar hagu da ta dama su zama layukan wutar biyu. A jirage masu taya, waya tana bin bayan ƙafa ta shige cikin katako, a yi mata fenti ta zama kamar tiyon birki. Idan samfurin na nuna jirgi a sama ne, sandar da ta ɗaga shi ita ce hanyar waya.

Walƙiya da juyin farfela

Akwai ƙwayayen da ke walƙiya da kansu, sai dai ba a iya daidaita saurinsu. An daɗe ana amfani da ƙaramar na'urar ƙidayar lokaci mai lamba 555, wadda ta fito kasuwa a 1972. Yanzu an fi karkata ga allon Arduino ko ƙwaƙwalwar ATtiny85, wato ƙananan na'urorin da ake rubuta wa umarni, saboda da su ake iya bambanta tsohuwar fitila mai juyawa, wadda haskenta ke tasowa a hankali ya dushe a hankali, da ta zamani mai ƙiftawa farat ɗaya.

Masu sa wa farfela ƙaramar mota suna lura da alkiblar juyi. Idan aka duba daga sama, farfelar helikwaftocin Rasha da Faransa tana bin hannun agogo, ta Amurka kuma tana saɓa masa. Ana rage saurin motar da giya, domin fuka-fukan roba ba za su jure gudu ba. Idan kuma jirgin a ajiye yake, fuka-fukan na gaske sukan ranƙwafo saboda nauyinsu, don haka ake tsoma na samfuri a ruwan zafi a ɗan lanƙwasa su. Kai wuta bakin fuka-fukan da ke juyawa, kamar na Mi-24, yana buƙatar zoben jan ƙarfe da burushin da ke gogarsa a jikin sandar farfela, kuma kaɗan ne suke kai wa nan.

Ƙungiyoyi da adanawa

An kafa ƙungiyar masu harhaɗa samfuran roba ta IPMS a Birtaniya a 1963, kuma tana da rassa a ƙasashe da dama. Babban taronta, Scale ModelWorld, ana yinsa kowace Nuwamba a garin Telford, a Japan kuma ana baje kolin Shizuoka a watan Mayu. Alƙalan gasa sun fi duba tsabtar manni da daidaiton sassa da kyan fenti, don haka fitila ba ta rufe aibin jirgin da layin manninsa ya fito.

Ƙura da rana su ne manyan abokan gabar samfurin da aka gama. Rana tana kashe launin fenti, ta sa sitika ta yi rawaya, zafinta kuma yana lanƙwasa fuka-fukai. A wuraren da ake fama da ƙurar hunturu, akwatin gilashi ya zama dole, saboda goge samfuri da tsumma yana karya eriya da bakin zaren haske. Buroshin fenti mai laushi ake share shi da shi, kuma ana cire batir idan za a daɗe ba a kunna ba.