Idan aure ya mutu, wa zai riƙe yaran?

Waɗannan tambayoyin kullum sai sun dawo in ana hirar saki a nan Katsina, ko a gidan biki ko a majalisar bakin titi.

Wai da gaske yaron da iyayensa suka rabu lalacewa yake?

Maganar nan an cika mata gishiri. Wata mai bincike a Amurka, Mavis Hetherington, ta bi iyalai kusan 1,400 har wajen shekara 30, ta tarar kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na yaran sun miƙe lafiya lau, kashi 20 zuwa 25 ne suka shiga babbar matsala, alhali a gidajen da auren bai mutu ba kashi 10 ne. Kaga akwai bambanci amma bai kai yadda gwaggwanni ke zuzutawa ba. Ta ce shekara biyun farko su ne masu zafi. Ita kuma Judith Wallerstein da ta fara bin yara 131 a Kalifoniya tun 1971 cewa ta yi ciwon kan taso ne in sun girma za su yi nasu auren, sai dai an soke ta cewa yaran nata sun yi kaɗan.

To meye ainihin abin da ke cutar da su?

Rigimar iyaye. A 1991 Paul Amato da Bruce Keith suka tattara bincike 92 wuri ɗaya, abin da ya fi fitowa fili kenan. Mu ma ai mun sani ba sai Bature ya faɗa ba. Yaro ɗan shekara bakwai a ce "je ka ce wa ubanka kuɗin makaranta", ya je ya tsaya a zaure yana murza bakin riga, uban ya ce "koma ka ce mata ba ni da shi, ba ita ta nemi takardarta ba?", yaron nan ya dawo a hanya yana lissafin wace kalma zai rage don kar uwar ta yi kuka, wallahi wannan aiken ya fi sakin kansa cin rai. Sai kuma talauci da yawan sauya hannu, bana Ƙofar Marusa wajen kaka, baɗi Daura wajen baffa, makaranta ta tashi a banza.

Alƙalai suna duba irin wannan?

A Amurka da Ingila yanzu abin da kotu ke tambaya shi ne ina maslahar yaro take: wa ya saba da shi, wa ke kwana da shi in ba shi da lafiya, wa zai bar shi ya ga ɗayan ba tare da gori ba, akwai duka ko babu. Dokar haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ma a kan maslahar ta tsaya.

Amma ai a wajenmu ɗiya na uba ne ko?

Al'ada ce ta ce haka, ana yaye a zo a ɗauke a miƙa wa kishiya. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a ke bi, uwa ce ke da riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, ci da sha da sutura da magani kuma suna wuyan uba. Kusan abin da masu binciken suka zo suka tarar kenan, kar a fizge yaro daga hannun da ya saba.

In ta yi wani auren fa?

Hadisi ya ce ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Amma ba nan take uba zai ce nawa ne ba, kakar yaron ta wajen uwa ce ke biye, sannan ƙanwar uwar ko yayarta, in dai akwai amana da lafiya da wurin zama. Maza da yawa a gaban alƙali suke fara jin wannan jerin.