Top Gear

Top Gear shirin talabijin ne na motoci da gidan BBC na Birtaniya ya yi shekaru yana watsawa. An fara shi a 1977 a Birmingham, yana ɗaukar rabin awa, Angela Rippon da Tom Coyne ne suka soma gabatar da shi. A wancan zamani bayanin sababbin motoci da kiyaye haɗurra ne abin da ya fi mayar da hankali a kai. Jeremy Clarkson ya shigo a 1988, aka dakatar da shirin a 2001, sannan a watan Oktoban 2002 Clarkson da furodusa Andy Wilman suka dawo da shi da sabon fasali na awa guda. Richard Hammond na cikinsa tun farkon dawowar, James May kuwa ya shigo a 2003. Clarkson da Hammond da May ne ukun da duniya ta san shirin da su.

Filin gwaji

An riƙa ɗaukar sabon shirin a tsohon filin jirgin sama na Dunsfold da ke gundumar Surrey. 'Yan kallo na taruwa a rumfar ajiye jirage, a waje kuma akwai titin gwaji mai tsawon kusan kilomita 2.8 wanda injiniyoyin kamfanin Lotus suka tsara, siffarsa kamar lamba takwas. Kowace kwana da abin da take tonawa. Wadda ake kira Hammerhead ana taka birki sosai kafin a shige ta, a karkata hagu a dawo dama nan take. Motar da nauyi ya rinjaya a gabanta sai ta ƙi bin sitiyari, tayoyin gaba su riƙa zamewa waje. Follow-through kuwa da gudu ake shigarta, ita ce ke nuna ko mota na riƙe ƙasa. Kwanar ƙarshe ana ce mata Gambon, saboda ɗan wasan kwaikwayo Michael Gambon ya taɓa zagaya ta tayoyi biyu a sama.

Shirin na da allon da ake rubuta lokacin da kowace mota ta ɗauka wajen zagaya titin, kuma abin da ya ba allon daraja shi ne direba ɗaya ke tuƙa dukkan motocin: The Stig, wanda ba ya magana, ba ya cire hular kwano. Perry McCarthy ne ya fara, cikin baƙaƙen kaya, daga baya Ben Collins ya karɓa cikin farare har 2010. Mota na tashi ne daga tsaye cik, ta yi zagaye ɗaya. Sharaɗin hawa allo shi ne doka ta yarda a tuƙa ta a titi, kuma ta iya haye tudun rage gudu. Saboda haka motar tseren Formula One ta Renault da ta gama a daƙiƙa 59 ba ta zauna a allon ba. Idan titi ya jiƙe ana rubuta alama a gefen lokacin, domin ruwa na rage riƙon taya, kuma wannan shi ne raunin gwajin: motocin da aka gwada rana ɗaya ne kaɗai ake iya kwatantawa ba tare da kokwanto ba.

Akwai kuma sashen da baƙo sananne ke zagaya filin da mota mai sauƙin kuɗi. Da Suzuki Liana aka fara, sai Chevrolet Lacetti, sai Kia Cee'd, sai Vauxhall Astra.

Tsere da ƙalubale

A tseren nesa Clarkson kan ɗauki mota, abokansa su bi jirgin ƙasa ko na sama. A 2004 Aston Martin DB9 ta riga jirgin ƙasa isa Monte Carlo. A ƙalubale kuma akan ba kowa kuɗi kaɗan ya sayi tsohuwar mota. A Botswana a 2007 kowannensu ya samu fam 1,500, aka ce su ratsa fadamar gishiri ta Makgadikgadi. Ɓawon gishirin siriri ne, taɓo na ƙarƙashinsa, don haka Lancia ta Clarkson da Marsandi ta May sai da aka cire musu ƙofofi da kujeru don kada su nutse. Ƙaramar Opel Kadett ƙirar 1963 ta Hammond ba ta da nauyi, ba a taɓa ta ba.

Gwajin da ya fi zama a bakin mutane shi ne na Toyota Hilux a 2003, motar da direbobin Arewa suka san ƙarkonta. An bar tsohuwar mai shan dizal a teku ruwa ya rufe ta, an cinna mata wuta, an ɗora ta a kan dogon bene aka rushe shi da nakiya. Bakanike ya tayar da ita da kayan aikin hannu kawai.

Haɗurra da ƙarshen shirin

A Satumban 2006 Hammond na tuƙa mota mai injin jet a filin Elvington kusa da York, tayar gaba ta dama ta fashe yana gudun kimanin kilomita 460 a awa. Motar ta kife, ya ji mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, amma ya warke ya koma aiki. An sha sukar shirin kan kalaman raina wasu al'ummomi, kuma sukar na da tushe. A 2014 masu zanga-zanga sun kori ma'aikatansa daga Ajantina saboda lambar mota da suka ɗauka tana nuni da yaƙin Falkland na 1982 tsakanin Birtaniya da Ajantina.

A Maris 2015 BBC ta ƙi sabunta kwantiragin Clarkson bayan ya naushi wani furodusa. Hammond da May da Wilman suka bi shi zuwa Amazon, inda suka yi The Grand Tour daga 2016 zuwa 2024. Top Gear ya ci gaba da wasu masu gabatarwa, ciki har da Chris Evans, Matt LeBlanc da Chris Harris. A Disamban 2022 tsohon ɗan wasan kurket Freddie Flintoff, ɗaya daga masu gabatar da shirin, ya yi mummunan haɗari a Dunsfold ana cikin ɗaukar shirin, kuma a Nuwamban 2023 BBC ta sanar da jingine shi.