Kitsen da ke kwana a saman miya

Duk matar da ta taɓa buɗe tukunyar miyar nama da sassafe ta san abin da nake nufi. Miyar da aka sauke jiya tana ruwa-ruwa, gari na wayewa sai ki tarar da wani farin abu ya daskare a samanta kamar kyandir. A kan wannan farin abin nake son mu yi magana, don a zagayen awon hawan jini da muke yi a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, kusan kullum sai na ci karo da ɓarnarsa.

Ba duk mai ne ɗaya ba. Man gyaɗa da man waken suya, ko sun kwana ba sa daskarewa. Amma kitsen shanu da na rago da man shanu, da sun huce sai su sandare, kuma manja ma kusan rabinsa irin wannan maiƙon ne. Idan ya yi yawa a abinci, hanta takan rage kwashe mugun kolestarol, wato wani maiƙo da ke yawo a jiki, daga cikin jini. Shi kuma sai ya riƙa liƙewa a bangon jijiyoyi, shekara da shekaru, hanyar jini tana tsukewa, mutum bai ji ciwon komai ba. Ranar da ta toshe, in ta zuciya ce bugun zuciya, in ta ƙwaƙwalwa ce shanyewar ɓarin jiki. Sai a kwashi mutum zuwa asibitin Komfo Anokye ana cewa jiya-jiya lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan kitsen ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a yini.

Na san inda nake magana. Zango gidan fawa ne, da kuɗin nama aka gina gidaje da yawa, da shi aka biya wa yara makaranta. Ni kaina ba zan ce wa kowa ya bar nama ba. Jan nama yana ƙara jini, yana da sinadarin ƙarfe da bitamin B12, kuma mai ciki da yaro mai tasowa suna bukatarsa ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne, a gidajenmu waɗanda suka fi bukatarsa su ne ke samun ɗan guntu, babbar tsoka mai kitse kuma tana kwanon maigida, wanda ya haura hamsin, ga tumbi, ga hawan jini.

Wani dattijo da na auna kwanakin baya, jininsa ya hau sosai, ya ce min, "'Yata, ai kakanninmu nama suka ci har suka kai tamanin." Na ce, "Gaskiya ne Baba, amma su da ƙafa suke rako shanu daga arewa har Kumasi, kuma naman sai ranar suna ko Sallah. Ku kuwa da safe wake da shinkafa da nama, da rana tuwon zafi da kayan ciki, bayan isha'i tsire, sannan a hau mota zuwa gida." Ya yi shiru, can ya ce in rubuta masa abin da zai rage.

Abin da na rubuta masa ba yawa. Masana cutar kansa suna ba da shawarar kada dafaffen jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako, wato kamar ci uku, kowanne bai fi tafin hannu ba. Sauran kwanakin ga kifi, ga wake, ga ƙwai, ga kaza in an cire fatarta. A yawaita ayoyo da kontomire (ganyen gwaza) da kuɓewa. In za ki sayi nama, Hajiya, ki ce wa mahauci ya yanke kitsen, kada ki karɓe shi a matsayin gyara. In miya ta kwana, ki kwashe abin da ya daskare kafin ki ɗumama. Wannan ko pesewa ɗaya ba zai ci miki ba.

Akwai kuma wanda ya fi ba ni tsoro saboda yara, wato sosej da naman gwangwani da suka shigo cikin taliya da soyayyar shinkafa. A 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanji, ta ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kashi 18 cikin 100. Jan nama kuwa ta ce akwai zato mai ƙarfi a kansa. Ga kuma gishirin da ke cikin sosej da naman gwangwanin, wanda ke ingiza hawan jini. Tsiren da ya ƙone ya yi baƙi ma a kankare baƙin kafin a ci.

Babbar Sallah ce ta fi ba mu aiki. Ana soya naman layya cikin kitsensa, a yi mako biyu ana ci safe da yamma, har masu shan maganin hawan jini da masu ciwon sukari. Don Allah bana a raba da yawa, a busar da saura, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. Wanda kuma ya kai shekara arba'in bai taɓa auna jininsa ba, ya leƙa asibiti ko shagon magani mafi kusa cikin makon nan. Awon ba ya cin minti biyar.