Fakin a layin keke: abin da dokar hanya ta Birtaniya ta ce

A titunan Birtaniya, fentin da ke ƙasa shi ne alƙali. Ƙa'ida ta 140 a kundin dokokin hanya na ƙasar, wato Highway Code, ta raba layin keke gida biyu. Idan farin layi ne miƙaƙƙe wanda bai yanke ba, haramun ne direba ya bi ta cikinsa ko ya yi fakin a kai a lokutan da allon gefen titi ya nuna layin yana aiki. Idan kuwa layin tsinke-tsinke ne, an ce kada a shiga sai in babu makawa. Na farko doka ce da ake cin tara a kanta, na biyun kuma ya fi kama da nasiha, sai dai idan akwai alamar hana tsayawa a wurin, kamar layin rawaya. A ganina nan ne lagon dokar yake, domin kowane direba yana ganin uzurinsa ya kai na dole.

Me ya sa ake tsanantawa a kan tsayuwar minti biyu? Mota ɗaya da ta toshe layin tana tilasta wa mai keke ya kauce ya faɗa cikin manyan motoci da bas-bas, sau da yawa ba tare da direban da ke bayansa ya ankara ba. Ga kuma haɗarin ƙofa: wanda ya gama fakin ya banko ƙofarsa daidai lokacin da keke ke wucewa. Buɗe ƙofar mota ta yadda za ta jefa wani cikin haɗari laifi ne da tararsa ke iya kai fam 1,000. Shi ya sa gyaran da aka yi wa kundin ranar 29 ga Janairun 2022 ya shawarci mutane su riƙa buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita, dabarar da aka aro daga Holan. Yin hakan yana sa mutum ya juya kafaɗa, ya ga abin da ke tahowa. Shi ma mai keke an ce ya bar tazarar faɗin ƙofa, ko mita ɗaya, tsakaninsa da motocin da ke ajiye.

Wannan gyaran ya kuma ce direban da zai wuce keke a gudun da bai haura mil 30 a awa ba ya bar aƙalla mita 1.5. Abin da ke ƙona wa wasu direbobi rai shi ne ba a wajabta wa mai keke bin layin da aka ware masa ba. Idan ya ga tsakiyar hanya ta fi masa aminci, yana da ikon bi.

Tun watan Yunin 2020 ƙananan hukumomin Ingila suka samu ikon kama masu fakin a layin keke mai miƙaƙƙen fenti da kyamara, takardar tara ta iske mutum har gida.

Amma fenti da kyamara ba su kashe gardamar ba. Masu shaguna suna kukan rashin wurin sauke kaya da na tsayawar kwastomomi. A titin Kensington High Street da ke Landan, ƙaramar hukumar yankin ta cire layin keke mai shinge a Disambar 2020, bayan kusan mako bakwai kacal da kafa shi, duk da adawar magajin garin, Sadiq Khan.