Ba da rata a wasa

Ba da rata shi ne a sassauta wa mai rauni, ko a ɗaure wa gwani hannu ɗaya, domin karawarsu ta yi armashi. Duk wasan da aka san mai cinsa tun ba a fara ba, 'yan kallo watsewa suke. Wanda ake ta kayarwa ya yi zuciya ya daina zuwa, shi kuma gwanin hannunsa ya yi sanyi don ba shi da abokin gwaji. Hanyoyin magance wannan iri biyu ne: ko a raba mutane kowa ya kara da sa'ansa, ko a haɗa su amma a rage wa babba ƙarfi.

A unguwa

Yaran Yamai da ke buga ƙwallo a fili ba su jiran wani littafin doka. Manya biyu ne ke tsayawa su yi zaɓe, wannan ya ɗauki ɗaya wancan ya ɗauki ɗaya, har gwanaye su rabu gida biyu. In duk da haka gefe guda ya rinjaya, sai a ƙara wa ɗayan mutum, ko a ce gwanin ya koma tsaron gida.

A wurin dara abin ya fi dabara. Gurabe 30 ne a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, ana ci ne in an jera uku. Dattijon da ya ƙware kan bar yaro ya fara dasawa, ko ya ga kuskure ya ce, “Ɗana, sake dubawa dai,” ya bari a mayar da kara. Ba ya faɗin cewa rata ya bayar, kuma nan gwanintar take, domin ratar da aka yi shelarta gaban mutane ta zama gori.

A wasu ƙasashe

Wasan Go na Sin da Japan ya tsara abin da lissafi: mai rauni kan fara da duwatsu 2 zuwa 9 a kan allo, gwargwadon tazarar da ke tsakani. Masu cika takardar cacar dawaki ta PMU a Yamai sun san irin wannan daga sukuwar Faransa, inda ake ƙara wa dokin da ya fi gudu dalma a sirdi. Damben zamani da judo kuwa rukunin nauyi suka zaɓa, a hau sikeli kafin a shiga fili.

Kokowa

Gasar kokowar takobin ƙasa ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975 Kantu na Maraɗi ya lashe, ba ta bi ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan ba. Jihohi 8 ne, kowace da 'yan kokowa 10, kuma ba a auna kowa. Siririn saurayi na iya faɗawa hannun ƙaton da ya yi biyunsa. Wanda bai san kokowa ba zai ce zalunci ne, amma dokar wasan ita ke daidaita su. Kaye ɗaya ya gama zance, ba a tara maki a ce za a rama a zagaye na gaba. Ƙato ya yi sakaci na ƙiftawar ido, a ɗauke masa ƙafa, takobi ya wuce shi sai baɗi. Wanda ya riga ya faɗi kuma ba gida yake tafiya ba, yana ci gaba da kare jiharsa, ya shigo fili ba abin da zai rasa, kuma irinsa ne ke kayar da waɗanda ake ji da su. Ranar da ƙarami ya tada babba a filin Hamidine Maïdaré na Tawa, makaɗa da 'yan kallo ba su zama, kuɗi ake ta liƙawa. Da an raba nauyi, wannan daɗin ya tafi.

Ba a ce hakan ya hana wani mamaye gasar ba. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobin har sau 6, sai dai kowace shekara abin da ke cika fili shi ne a ga mai kayar da shi. Gasar kokowar ƙasashen CEDEAO, ƙungiyar Afirka ta Yamma, ita kam ta raba rukuni, daga kilo 66 zuwa 120, saboda can lambobin ƙasa ake ƙirgawa.

Maguɗi

Duk inda aka raba mutane aji-aji, akwai mai son ya ɓuya cikin ƙanana. A sukuwa ana zargin masu riƙe doki da gangan don a rage masa nauyi a tsere na gaba. A ƙwallo kuwa rage shekaru ne, magidanci ya aske gemu ya shiga cikin yara. Tun 2009 FIFA ta fara ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da shekara 17, don ganin ko ƙashin ya gama haɗewa. Wanda nasa ya haɗe sarai, ajiye shi ake yi.