Ficewa daga gurɓataccen zauren masoya a intanet

Ficewa daga gurɓataccen zauren masoya ita ce mutum ya janye jikinsa, da niyya kuma bisa tsari, daga taron magoya bayan wata ƙungiyar ƙwallo, ko ɗan wasa, ko mawaƙi, ko jarumin fim, bayan zaman taron ya koma zagi da gori da tsoratarwa. Irin wannan taro yakan kasance a zauren WhatsApp ko Telegram, ko rukunin Facebook, ko kuma tarin mutanen da ba su da zaure ɗaya amma kullum suna haɗuwa a ƙarƙashin rubuce-rubucen X da bidiyoyin TikTok. Taron ake bari, ba abin da ake so ba: mai goyon bayan Arsenal yana iya barin zauren 'yan Arsenal ya ci gaba da kallon wasanta kowane mako. Yawancin masu fita su sake komawa ba rashin niyya ne ke mayar da su ba. Jeranta matakan ne ba su yi daidai ba.

Yadda zaure ke gurɓacewa

A ƙasar Hausa, zaurukan da suka fi cika su ne na ƙungiyoyin ƙwallon Turai irin su Manchester United da Chelsea da Barcelona da Real Madrid, da na masu jayayya kan Messi da Ronaldo, sai na taurarin Kannywood da mawaƙa. Tsokana a cikinsu ba aibu ba ce. Abin da ake yi ne a gidan kallon ƙwallo da majalisar bakin titi, kuma ta yi kama da wasan taubasai, inda kowa ya san iyakar da ba a ƙetarewa. A gidan kallo, wanda aka tsokana yana zaune kan benci ɗaya da mai tsokanarsa, ana ganin fuskarsa idan ta canza, kuma da an tashi wasa an watse. Zauren waya ba ya watsewa. Saƙon ƙarfe biyun dare yana nan yana jiran mutum da asuba.

Masana sun daɗe da bayyana abin da ke ƙasan wannan. A 1956 Donald Horton da Richard Wohl suka yi rubutu kan shaƙuwar da mai kallo ke yi da wanda yake gani a talabijin, shaƙuwa ta gefe ɗaya, domin gwanin bai ma san da shi ba. A 1976 Robert Cialdini da abokan aikinsa suka nuna cewa ɗaliban jami'o'in Amurka sun fi sa rigunan makarantarsu idan ƙungiyarsu ta yi nasara, kuma sun fi cewa "mun ci" idan an ci, su koma cewa "sun sha kashi" idan an faɗi. Wanda ya ɗauki ƙungiya a matsayin kansa, sukarta zai ji ta kamar shi aka taɓa. A 2004 kuma John Suler ya bayyana yadda ɓoye suna da rashin haɗa ido ke sa mutum ya rubuta abin da ba zai iya faɗa a gaban mutane ba.

Su ma manhajojin suna da hannu. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa tun 2017 tsarin kamfanin ya riƙa ba alamomin nuna ji (emoji) da ake dannawa a ƙarƙashin rubutu, har da ta fushi, nauyi ninki biyar na alamar "like", kafin a rage daga baya. Rubutun da ya tunzura mutane shi ke hawa sama, mai shi ya samu mabiya, na ƙasa su kwaikwaye shi.

Ana gane zaure ya gurɓace ne idan faɗan ya juyo ciki. Ba 'yan adawa kaɗai ake zagi ba, har ɗan gida da ya ce mai tsaron raga ya yi kuskure sai a ce munafuki ne, ba masoyin gaskiya ba. Zagi ya bar ƙwallo ya koma kan iyaye, ko ƙabila, ko aƙida, ko talaucin mutum. A ɗauki hoton rubutun wani a kai shi wani zaure don a yi masa ca. Admin ya tsara rubdugu: ya turo shafin wani ya ce kowa ya je ya yi masa kaca-kaca, wanda bai je ba a cire shi. Mata sukan fi shan wuya, domin daga musu kan wasa sai a koma kan hotonsu da aurensu. Abin ya kan kai ga gwanayen da ake cewa ana so: bayan wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Turai ranar 11 ga Yuli 2021, 'yan wasan Ingila Marcus Rashford da Jadon Sancho da Bukayo Saka sun sha zagin wariyar launin fata a shafukansu saboda sun zubar da fanareti. A Koriya ta Kudu, bayan mutuwar mawaƙiya Sulli, wadda ta sha zagi a intanet, a Oktoba 2019, dandalin intanet na Daum ya rufe sashen sharhi a labaran nishaɗi, Naver ma ya bi sahu a Maris 2020.

A jikin mutum kuwa, alamar ita ce gabansa ya faɗi da ya ji ƙarar saƙo, ya rubuta martani ya goge sau da yawa, ya kwana yana shirya amsa, wasan da yake jira da ɗoki ya koma abin fargaba don ya san abin da za a yi masa idan aka ci ƙungiyarsa.

Abin da ake yi kafin a fita

Nan ne aikin ya fi yawa, kuma nan aka fi yin gaggawa. Na farko shi ne adana shaida, idan har an taɓa yi wa mutum barazana ko ƙazafi. A ɗauki hoton allo yadda lambar mai saƙon da ranar da lokacin za su fito, a kuma tura kwafi zuwa imel ko wata waya. Dalilin yin sa da wuri shi ne WhatsApp na ba mai saƙo kusan kwana 2 ya goge shi daga wayar kowa, kuma a zauren da aka kunna saƙonni masu ɓacewa, komai na tafiya da kansa bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. A rukunin Facebook na sirri kuwa, da an fita ba a sake ganin abin da ke ciki.

Sai kuɗi da muƙami. Zaurukan masoya da yawa suna karo-karo na ankon riguna, ko walimar cin kofi, ko gudummawar biki. Ma'ajin da ya fita ba tare da ya miƙa lissafi ba ya ba da kansa ne a kira shi ɓarawo, kuma wannan tabo ya fi duk zagin baya wuyar wankewa. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a tura ragowar ta banki don shaidar biya ta zauna, a sa mutum biyu su gani. Admin kuma ya naɗa magaji kafin ya tafi, domin idan shi kaɗai ne admin a zauren WhatsApp ya fice, manhajar za ta ɗora wani ne kawai daga cikin 'yan zauren, ko da shi ne mafi fitina.

Daga nan a kulle ƙofofi tun ana ciki. A sashen sirri na WhatsApp, a mayar da hoton fuska da sitatus zuwa waɗanda aka ajiye lambarsu kaɗai. A wurin zaɓen wanda zai iya sa mutum a zaure, a zaɓi waɗanda ke cikin waya ban da wasu, a cire admin ɗin zauren da muƙarrabansa ɗaya bayan ɗaya. Idan an yi haka, iyakarsu su turo gayyata, wadda ke mutuwa bayan kwana 3. Wanda ya tsallake wannan mataki sau da yawa zai wayi gari ya tarar an mayar da shi, ana masa dariya. A kunna tabbaci mai mataki biyu da lambar sirri mai lamba 6, kuma kada a karanta wa kowa lambar da ta shigo ta tes, ko da ya ce rajistar taron masoya ce, domin ta haka ake ƙwace asusun mutane. A Facebook a ɓoye jerin abokai, a duba tsofaffin hotunan da ke nuna ƙofar gida, ko makarantar yara, ko shago.

Mutum biyu ko uku da aka yi zaman mutunci da su, a karɓi lambarsu a gefe. Sau da yawa su ne ainihin abin da ke riƙe mutum a zauren.

Fitar kanta

Akwai janyewa a hankali, akwai yankewa gaba ɗaya. WhatsApp na ba da damar kashe ƙarar zaure na awa 8, ko mako 1, ko har abada, da damar jefa shi ma'ajiya. Facebook na ba da damar dakatar da ganin rukuni ko shafi na kwana 30. Wannan ya dace da zauren da surutu ne kawai ya yi masa yawa, ko wanda ke cike da 'yan unguwa da ba a son a yi baram-baram da su. Amma yana da rauni biyu: ko an kashe ƙara, saƙo zai buga idan aka ambaci sunan mutum ko aka amsa maganarsa, sannan toshe mutum a WhatsApp ba ya hana ganin abin da ya rubuta a zauren da aka haɗu. Inda aka kai ga cin mutunci, yankewa ce kaɗai ke aiki.

Tun 2022, idan mutum ya fice daga zauren WhatsApp admin kaɗai ake sanar wa, sai dai sunansa na zama cikin jerin waɗanda suka fita har kwana 60. Facebook ba ya sanar da 'yan rukuni, amma rubuce-rubucen da mutum ya yi suna nan sai in ya goge su da kansa. Idan za a kai ƙarar zaure wurin WhatsApp, saƙonni 5 na ƙarshe ne ke isa ga kamfanin, don haka a kai ƙarar lokacin da zagin ke sabo, kafin wasu saƙonni su binne shi.

Dogon saƙon ban kwana kuskure ne babba, duk da cewa zuciya na son sa. Mai rubuta shi yana fatan a gane an zalunce shi, amma abin da ke faruwa shi ne a ɗauki hotonsa a yi ta yawo da shi, shi kuma ya kasa jurewa ya dawo ya ga me aka ce. Idan ladabi ya sa dole a yi sallama, layi ɗaya ga admin a keɓe ya wadatar: "Yallabai, zan ɗan huta da zauren, na gode da zama." Kada kuma a fita a tsakiyar musu, ko daren da aka ci ƙungiya. A bari sai ranar da ba wasa.

Abin da ke mayar da mutum

Na farko shi ne manhajar kanta, wadda ta riga ta koyi abin da ke tsayar da idon mutum. An bar zaure amma TikTok da X na ci gaba da kawo rigimar. Maganinsa shi ne a daina bin shafukan habaici, a danna alamar rashin sha'awa kan duk bidiyon rigima ba tare da an tsaya kallo ba, domin tsayawa kallon ma ƙuri'a ce. X na ba da damar toshe kalmomi na awa 24, ko kwana 7, ko kwana 30, ko dindindin. A sa laƙuban zagi da sunayen da ake jifan juna da su. TikTok tun 2023 yana da maɓallin sabunta shafin farko daga tushe. A sani kuma, tun ƙarshen 2024, wanda aka toshe a X yana iya karanta rubutun mutum idan shafin a buɗe yake, amsawa ce kawai ba zai iya ba. Wanda ke son ɓacewa daga idonsu sai ya kulle shafin.

Na biyu shi ne ɗan kai rahoto, abokin da ke turo hoton abin da aka ce bayan an tafi. Ko da niyyarsa mai kyau ce, a gaya masa a fili: "Don Allah abokina, kada ka ƙara turo min." Na uku shi ne leƙe da asusun ɓoye, wanda ke mayar da mutum cikin ɓacin ran ba tare da ko damar kare kansa ba.

Na huɗu shi ne kewa, kuma ba abin kunya ba ce. Zauren ya cike sa'o'i, ya ba mutum suna da masu yi masa dariya idan ya yi barkwanci. Makonnin farko hannu zai riƙa kai kansa wurin da manhajar take. Yana taimakawa a ɗauke ta daga fuskar waya, a kalli wasa a gidan kallo ko da 'yan uwa, a samu labarin ƙungiya daga shafinta na hukuma ko rediyo, a buɗe ƙaramin zaure na mutum biyar ko shida da aka san fuskokinsu. Wasu kan tarar son abin ma ya dushe na ɗan lokaci. Hutun kakar wasa guda ba ya cire mutum daga masoya. Mai son rufe asusu gaba ɗaya ya tuna cewa Facebook da X da TikTok duk suna ba da kwana 30 kafin gogewar ta tabbata, kuma shiga asusun a cikin wa'adin na buɗe hanyar soke ta.

Idan aka biyo mutum

Wani lokaci fita kan tunzura 'yan gani-kashe-nin zaure su bi mutum da kira da saƙo. Kada a amsa ko sau ɗaya, domin amsa ɗaya bayan saƙo ashirin tana koya musu cewa naci na biya. A adana, a toshe, a kai ƙara ga manhajar. Idan sauya lamba ta zama dole, a tabbata an fice daga zaurukan tukuna, saboda tsarin sauya lamba na WhatsApp yana sanar da duk zauren da mutum ke ciki sabuwar lambarsa.

Barazanar kisa ko duka, da yaɗa adireshin gida, da tsoratar da mutum da hotunan tsiraici na gaske ko na haɗi, sun wuce rikicin masoya. A Najeriya sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya shafi saƙonnin barazana, kuma rundunar 'yan sanda tana da cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta ƙasa a Abuja. Nijar ma tana da dokar laifukan intanet tun 2019. Mai kai ƙara ya tafi da wayar da saƙon ya shigo cikinta ba tare da ya goge komai ba, da hotunan allo a buge a takarda, da lambobi da adireshin shafukan masu barazanar. Idan yaro ne ko yarinya abin ya shafa, iyaye ko wani babba a gida ya kamata ya jagoranci ƙarar, kuma kada a biya ko sisi ga mai neman kuɗi don ya goge hoto, domin wanda aka biya sau ɗaya yakan dawo neman ƙari.