Riƙon Yara Bayan Rabuwar Aure

Riƙon yara, wanda malaman fiƙihu ke kira hadana, shi ne ɗaukar ɗawainiyar renon yaro, tun daga makwancinsa da tsabtarsa har lafiyarsa da tarbiyyarsa, zuwa lokacin da zai iya tsayawa da kansa. Maganarsa kan taso idan aure ya mutu ko ɗaya daga cikin iyaye ya rasu.

Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa, kuma daga nan rigima ke somawa. Riƙo shi ne wurin wanda yaro zai zauna. Walicci shi ne ikon yanke manyan al'amuransa, kamar kula da dukiyarsa da aurar da shi. Ciyarwa, wato nafaƙa, ita ce kuɗin abinci da sutura da muhalli da magani. Kowanne da hukuncinsa. Yaro yana iya zama hannun uwa, walicci da ciyarwa kuma suna kan uba.

A fiƙihun Musulunci

Mazhabobi huɗu sun haɗu a kan cewa uwa ce ta fi cancanta da riƙon ƙaramin yaro. Saɓaninsu a kan iyakar lokacin ne. A wajen Malikiyya, namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuma har ta yi aure mijin ya tare da ita. Hanafiyya sun iyakance namiji ga shekara 7, mace ga 9 a fatawar da aka fi bi. Shafi'iyya suna bai wa yaro zaɓi idan ya yi wayo, wajen shekara 7.

Idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba, haƙƙinta ya faɗi. Sai dai a mazhabar Malikiyya ba ya komawa ga uba kai tsaye, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Kaka ta wajen uwa ce ke biye, sannan 'yar'uwar uwa, sannan kaka ta wajen uba, kafin a zo kan uban. Wanda riƙon ya kamata ya koma gare shi, idan ya san da auren ya yi shiru shekara guda ba da uzuri ba, ya rasa damarsa. Ana kuma sharɗanta wa mai riƙo hankali da amana da lafiyar da zai iya ɗawainiya, da wurin zama mai tsaro.

A dokokin ƙasashe

Ma'aunin da yawancin kotuna ke bi shi ne maslahar yaro. Sashe na 3 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, ya sa ta cikin abin da za a fara dubawa. Sashe na 9 ya tabbatar wa yaro haƙƙin ci gaba da ganin iyayensa duka biyu, sai fa idan hakan zai cutar da shi. Sashe na 12 ya ce a saurari ra'ayinsa gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Alƙali kan duba wanda ya saba renon yaron, da karatunsa, da ko akwai duka ko sakaci a gidan. Yawan arziki kaɗai ba ya ba mutum riƙo, domin ana iya cike giɓin kuɗi da umarnin ciyarwa.

Yadda ƙara ke tafiya

Ana shigar da ƙara a kotun da ke da hurumi, galibi ta inda yaron ke zaune, sai a kai wa ɗaya ɓangaren sammaci. Kotu kan fara da neman sulhu, kuma tana iya ba da umarnin wucin gadi kafin hukunci. Mai ƙara ya tanadi takardar haihuwa, da shaidar aure ko saki, da rasit ɗin makaranta da na asibiti, da shaidun da suka gani da idonsu.

Sulhun baka shi ya fi yaudarar mutane. In ba a rubuta shi kotu ta amince ba, da wuya a tilasta wa wanda ya saɓa. Ko rubutaccen, idan iyakar abin da ya ce "uba zai riƙa ganin 'ya'yansa", bai kashe rigima ba. A fayyace rana da lokaci da wurin miƙa yaro, da adadin kuɗin ciyarwa da ranar biya.

Hana uba ganin yaro don bai biya ciyarwa ba, ko tsayar da ciyarwa don an hana ganin yaro, duk kuskure ne, kuma yaron ne ke kwana a ciki. Wanda aka tauye wa haƙƙi ya koma kotu ta zartar da umarninta. Ƙin amsa sammaci na iya sa a yanke hukunci a bayan idon mutum. Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi ƙayyadadde, amma neman a sauya umarnin riƙo saboda yanayi ya canja, kamar ƙaura ko rashin lafiya, ana iya yinsa daga baya.

Ɗauke yaro a ƙetare iyakar ƙasa da shi ba da yardar ɗaya mai haƙƙin ba, shi ne ya fi kowanne hatsari. Tsakanin ƙasashen da ke aiki da Yarjejeniyar Hague ta 1980 kan ɗauke yara zuwa wata ƙasa, galibi ana mayar da yaron da bai kai shekara 16 ba ƙasar da ya saba zama, domin kotun can ta yi hukunci. Idan shekara ta wuce kafin a kai ƙara, kotu na iya ƙin mayar da shi in ya riga ya saba da sabon wurin.